Hadarin da Kawu Ya Rina

Ranar da Kawu ya rasu muna cikin gida aka kawo mana labarin abin da ya faru a wajen wanka. Wai liman ya fito yana girgiza kai, ya ce da mazan da ke zaune a ƙofar gida, "Hannun nan dai ya ƙi fita. Da shuninsa zai tafi." Sai wani tsoho daga Gwiwa, amininsa tun suna samari, ya ce, "Ku bar masa abinsa. In an tambaye shi da me ya ci abinci a duniya, ba sai ya buɗe baki ba." Aka yi 'yar dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ake haɗiye rabinta. Daga Allah muke, gare shi kuma komawar kowa take, amma ban taɓa zaton hannun nan zai daina motsi ina raye ba.

A tsakar gida kowace mace da abin da ta zo da shi a baki. Wata ta ce majanyin da ta goyi 'ya'yanta duka shi ya rina mata. Wata ta ce shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, Kawu ya aiko a karɓi tsofaffin zannuwanta da suka koɗe, ya mayar mata da su kamar sababbi ana jibi Sallah, da ta je godiya kuma ya ce bai san zancen ba. Wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai kafiya." Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta share hawaye ta ce, "Kafiya kam a ɗakinmu aka yanke mata cibiya."

Can sai wata ta rage murya ta ce, "To maganar tutar nan fa? Sun shirya da ɗan nasa kafin ya cika?"

Inna ta dube ni. Duk wanda ke wurin ya san ni ce 'yar aike tsakanin Kawu da babban ɗansa, taubashina, tun ranar da tutar ta raba su. Ban amsa ba, don amsar ba ta shiga cikin i ko a'a. Ita nake so in bayar yanzu, saboda jikokinsa da za su tashi su ga tuta a taro ba su san hannun da ya yi fushi a kanta ba.

Kawu marini ne. Karofinsa shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu, wanda ke gindin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. Sauran ramukan rinin duk an cike su da shara, nasa kaɗai ke numfashi. Tun daga nesa za ka jiyo warin ganyen baba na rini da toka, shi kuwa yana cewa ƙamshi ne, mu ne hancinmu ya lalace da turaren kanti. Ba ya gaisawa da mutum in yana motsa rini da muciya, ko da kuwa mai gari ne. Sai ya gama ya ɗago ya ce, "Rini kishi gare shi, in ka dubi wani sai ya ɓata maka." Ni da nake koyarwa a Kazaure, Malama yake ce mini, amma da irin muryar da ake kiran yaro sarki.

Akwai abin da ya fi tsana: a nuna ƙyallen da ya sha rini sosai a ce shuɗi. A wurinsa shuɗi shi ne wanda aka ɗan tsoma aka tsame. Wanda aka yi ta tsomawa ana shanyawa har ya ƙoshi, ya yi duhu yana ɗaukar ido in rana ta doke shi, wannan sunansa baƙi. Haka kakanninmu ke faɗa, haka ma mu muka tashi muna faɗa ba tare da mun tsaya tunani ba. Baƙin zane, baƙar riga, baƙin rawani, kowa ya san na karofi ake nufi. "Shuɗi yaro ne, Malama," in ji shi. "Sai ya yi haƙuri yake zama baƙi."

Ita kuwa tutar, gadonta ya yi daga mahaifinsa, wato kakanmu. Tutar gayya ce ta ƙauyukan yankinmu. Yadda yake ba da labari, a zamanin kakansa an yi wasu shekaru ruwa yana yi wa mutane rowa, gidaje suka fara watsewa, wasu suka nufi Kano, wasu suka haura arewa. Dattawan ƙauyukan da suka rage suka zauna suka ce kowa ya daina noma shi kaɗai, a riƙa haɗuwa ana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, a fara da ta wanda ya fi rauni. Don masu zuwa daga nesa su san gonar da ake ranar, sai aka ɗinka tuta ana kafawa a kan doguwar gora.

Ƙyalle uku ne a jere, duk saƙin hannu. Na ƙasa ja, shi ne jar ƙasar duwatsunmu, wadda ba ta ba ka sai ka sha wuya. Na tsakiya fari, shi ne nonon Fulanin da suka shigo yarjejeniyar, suna kwana da shanu a gonaki su bar taki. Na sama shi ne baƙi. In Kawu ya zo kansa sai ya sassauta murya, ya nuna gabas da haɓa. "Hadari ke nan. Ba ki ga yadda yake haɗowa ba, ya yi duhu har da sheƙi? Mutanen da suka gaji da kallon sama fayau, me za su ɗora a saman tutarsu in ba abin da suke roƙo ba?"

Na riski gayyar ina ƙarama. Ina tuna ganga, da ƙura, da ƙwaryar fura da muke ɗauka a ka, da Kawu a tsaye gindin gorar kamar shi ya haifi iskar da ke kaɗa ta. Daga baya samari suka tafi birni, masu hali suka koma hayar tarakta, gayya ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Kawu ya ninke tutar ya sa a adaka ya kulle.

Taubashina ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, mutum mai son garinsu, ba zan ci amanarsa ba ko da yake tsokanarsa ce abincina. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ci gaban yankin, suna gyara rijiyoyi, suna taro duk shekara bayan Babbar Sallah. Suka ce ƙungiya sai da tuta, kuma wace tuta ta fi ta kakanni? Sai dai shi ɗan fari ne, Kawu kuma mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama da shi su yi hira, in zai ambace shi sai ya ce "mutumin Dutse". Don haka ni aka aiko in roƙi aron tutar a kai Kano a buga irinta.

Kawu ya ce, "Ba ta fita sai ranar gayya."

Na ce, "To Kawu a buɗe in ɗauki hotonta a waya."

Ya ce, "Tuta ce ko amarya? Ki ce masa ja a ƙasa, fari a tsakiya, baƙi a sama. Ɗan marini ne, in bai san wannan ba me ya sani?"

Haka na faɗa, haka taubashina ya faɗa wa mai buga tutoci a Kano, shi kuwa bawan Allah ya yi abin da aka ce. Ya zuba baƙi ƙirin irin na gindin tukunya a kan yadin roba mai santsi. Taubashina rabonsa da ganin tsohuwar tun yana firamare, ya duba ya ga ja da fari da baƙi, ya ce madalla.

Ranar taro aka cika filin makaranta, an kafa rumfuna, an zaunar da Kawu a sahun gaba cikin manyan baƙi. Aka ja igiya tuta ta hau. Ina daga ɓangaren mata ina kallonsa, na ga ya ƙanƙance ido. Sannan sakataren ƙungiya ya ɗauki lasifika yana bayani. Ja, ƙasarmu. Fari, zaman lafiya. Kawu ya motsa a kujera amma ya daure. "Baƙi kuwa," in ji sakatare, "yana tuna mana baƙar wahala da baƙin cikin da kakanninmu suka sha." Aka tafa.

Kawu ya miƙe. Bai karɓi lasifika ba, bai kuma buƙace ta ba. Ya ce, "Wane ne ya mutu?"

Jama'a suka juyo suna kallonsa.

"Na ce wa ya mutu da kuka ɗaga masa gawayi? Mutane sun ɗora roƙon ruwa a saman tutarsu, ku kun zo kun ɗora musu baƙin ciki. Kakannin naku sun gaya muku kuka suke yi? Noma suke yi!"

Taubashina ya taso da sauri ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ai baƙi aka ce mana." A gaban jama'a Kawu ya kawar da kai, ya dubi amininsa na Gwiwa kamar da shi ake maganar, ya ce, "Ka ji. Wai baƙi aka ce musu." Ya saɓa babbar rigarsa ya fice, ko ɗan acaɓa bai tsaya nema ba, da ƙafa ya koma gida.

Na ji haushin su biyun, kuma har yau ban fasa ba. Da Kawu ya buɗe adakar nan da ba a yi haka ba. Da taubashina ya sauke tutar a ranar da an wuce wurin. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taubashina ya ce an kunyata shi a gaban abokan aikinsa a kan kalmar da aka aiko masa da ita, kuma kwamiti ya riga ya amince da tuta, ba shi kaɗai ke da ita ba. Kawu ya ce muddin gawayin nan na sama, ƙafarsa ba za ta sake taka taron ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, buhun shinkafa bai daina zuwa daga Dutse ba. Taubashina zai zo ya durƙusa a zaure, Kawu ya amsa da "lafiya" ɗaya yana kallon bango. Da can kunya ce ke sa shi kallon bangon, kowa ya sani, har daɗi take yi wa mai kallo. Yanzu kuwa ba mai iya rabe kunyar da fushin, ina jin har shi kansa.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ni ina tsakiya kamar tsumman goge tukunya. In na je Dutse in ce, "Kai dai Allah ya ba ka uba marini ka rasa gane launi, da wa ka yi gado?" Ya ce, "Ke da kika kawo saƙon fa?" In na zo gida in ce, "Kawu, yaron nan fa yana da hawan jini." Ya ce, "Ni na ɗora masa?" Amma in na tashi tafiya sai ya ce in tsaya, ya ɗauko ƙullin zogale busasshe ya ce in kai wa mutumin Dutse, kada in ce daga wurinsa ne.

Bara da rani Kawu ya fara rama. Wata ranar Asabar na same shi a bakin karofi, bai ko bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Ki ce ya kawo abar nan in gani."

Taubashina ya zo da tutar ƙungiyar a mako na gaba. Muka tsaya mu uku a bakin ramin. Kawu ya murza yadin a tsakanin yatsu ya taɓe baki. Ya kama gefen baƙin ya tsoma a rini, ya jira, ya tsamo. Ruwan ya gangare ya bar yadin yadda yake, ko alama. Ya sake, haka. Ya gwada gefen farin, shi ma ya ƙi sha. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce da ni, "Kin gani, Malama? Ta yi halin masu ita, ba ta jin magana."

Daga nan ya shiga ɗaki ya jawo adakar da kansa, ya buɗe a gabanmu. Da ya ɗago tsohuwar tutar sai na gane abin da ya hana ta fita. Asu ya cinye ta. Jan ya zama raga, farin ya koma ruwan ƙasa, in ka ja da ƙarfi sai ta rabu a hannunka. Baƙin ne kawai ya rage da ƙwarinsa, da ya juya shi a rana kuwa sai ga shi yana sheƙi, duhu mai ruwa-ruwa, wallahi kamar gabas a farkon damina. Taubashina ya daɗe yana kallo.

Kawu ya ce, yana kallon ƙasa, "A hannuna ta lalace. Ubana ya ba ni ita lafiya lau." A duk rayuwata ban taɓa jin ya amsa laifi ba sai ranar, kuma na so a ce ban ji ba, don muryarsa ta ba ni tausayi fiye da ramarsa.

Sai ya juyo gare ni, alhali mai saƙon na tsaye kusa da shi har inuwarsu na haɗuwa. "Ki ce masa ya samo farin saƙi na auduga, na hannu, ba na kanti ba. A rina, a ɗinke a kan gawayin nan. Kuma ki ce ya zo da tsofaffin kaya. Shi zai tsoma, ni in duba."

Wanda bai san Kawu ba zai ce magana ce ta aiki. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya taɓa muciyarsa ba, yau yana kiran ɗan farinsa ya zo su zauna bakin rami ɗaya, yini guda, hannu cikin ruwa ɗaya. Iyakar abin da kunya za ta bar shi ya faɗa ke nan. Taubashina ya gane sarai.

To amma masaƙa sun yi ƙaranci. Aka ce akwai wani tsoho a wajen Kanya Babba, can ƙasar Babura, da har yanzu yake saƙa. Taubashina ya aika, aka ce sai an kaɗa zare. Kawu kuwa bai jira ba, ya haɗa sabon rini, ya zuba baba da toka yana motsawa kullum har ya nuna. In na je sai ya ce, "Rini ya nuna, Malama." Ba ya ƙara komai. Rinin ya gaji da jira ya mutu, ya kwashe ya sake haɗa wani, da ƙarfin da ba shi da shi. Saƙin ya samu daga baya, taubashina ya karɓo ya ajiye a bayan mota. Aiki ya taso, aka tura shi wani taro, sannan ya ce bari azumi ya wuce, sannan ya ce bari ya sami hutu mai ɗan tsawo don kada a yi abin a gurguje. Ba ƙin zuwa ya yi ba. Gani yake Kawu na nan kamar duwatsun bayan gida.

Ruwan farko ya sauka da kwana kaɗan Kawu ya kwanta, kwanciyar da ba ta yi tsawo ba. Taubashina ya iso ana shirin ɗaukar Kawu zuwa makabarta, saƙin na bayan motar.

Bayan addu'ar bakwai na same shi a bakin karofi. Rinin ya mutu, saman ya yi fatsi-fatsi, muciya na jingine inda mai ita ya bar ta. Na ce, "Ka kai Kano mana, ai har yanzu akwai marina a can. Yini ɗaya sun gama maka." Ya girgiza kai ya ce, "Launi zan je saye? Cewa ya yi in zo da tsofaffin kaya."

Da taron bana ya zo, na je ne ba don ina so ba. Aka ja igiya tuta ta hau, sai surutu ya tashi a rumfuna. Ja na nan a ƙasa, fari a tsakiya, a sama kuma ga wani farin, saƙin hannu mai kauri, an ɗinke shi a kan baƙin da manyan ɗinki karkatattu irin na wanda bai saba riƙe allura ba. Nauyinsa ma ya hana tutar kaɗawa sosai. Aminin Kawu na Gwiwa, da aka zaunar a kujerar da Kawu ya taɓa zama, ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannun riga.

Sakatare ya ɗauki lasifika ya fara bayaninsa. Ja, ƙasarmu. Fari, nonon makiyaya, don an gyara masa wannan. Da ya zo na sama sai ya tsaya, ya waiwayi taubashina, ya manta lasifikar na kunne ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan farin na biyu me za a ce yana nufi?"

Taubashina bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Ba fari ba ne. Baƙi ne, marinin ne bai jira ni ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ruwan rahama ya sauka a kabarinsa.